Farfesan Jita Mai Sauraro da Ido

"Duk faɗin Ingilar nan, daga Birmingham har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, babu mahalukin da ya san kiɗan rock kamar ni. Su kansu Turawan da suka ƙago shi, in gardama ta rikice musu, shagona ya kamata su zo in raba musu faɗa."

Alhaji Yusha'u ke nan, mai shagon turare da yadi a unguwar Small Heath ta Birmingham, yana juyi a kan kujerarsa bayan an sauko daga Juma'a, 'yan majalisarsa suna kurɓar shayinsa suna gyaɗa kai don kada a janye butar. In ba ka san shi ba, ka san irinsa. Gajere ne mai tumbi, da gemun da ake shafa wa turare sau uku a wuni, da muryar da ba ta san hanyar ƙasa ba. Shi ne mai riƙe makullin masallacin layinsu. Shi ne kuma ya naɗa wa kansa sarautar Farfesan Jita, babu wanda ya ba shi, babu kuma wanda ya sami sararin ƙwacewa, don ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana.

To, matso in raɗa maka abin da 'yan majalisar ba su sani ba. Farfesan nan bai taɓa jin kiɗan da kunnensa ba. Ko sau ɗaya.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da masallaci, kuma irin bangon Small Heath ne, wanda in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka yi masa addu'a. A gida kuwa akwai Hajiya Habibatu, matarsa, wadda take jin motsin cokali a kicin tana barci a sama. Yaya za a ji ihun Turawa yana tashi daga wayar mai riƙe makulli? Don haka shekara bakwai cur yana kallon bidiyon makaɗan jita da muryar waya a kashe. Abin saƙalawa a kunne kuwa, ya ce na 'yan makaranta ne, ba ya shiga ƙarƙashin hular dattijo. Da tafiya ta yi tafiya sai ya mayar da larura ilimi, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwararre da ido yake sauraro.

Gwanayensa uku ne, duk tsofaffin hannu. Akwai Dez Harrowgate, ɗan Aston, wanda yake kira Ɗan Unguwa tunda bas biyu ne tsakaninsu. Akwai Rusty Calloway, Ba'amurke mai gashi har gadon baya, wanda ya laƙaba wa Doki. Sai Clive Pendle na Manchester, shi kuma sunansa Turke, saboda tsayawa yake wuri ɗaya ido a rufe kamar mai jiran bas. Ma'auninsa ma uku ne. Ƙirƙira a wurinsa ita ce yawan tsalle da birgima. Gwanintar hannu ita ce saurin yatsu. Daɗin kiɗa kuwa da fuska ake auna shi: in makaɗi ya yatsine kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwo, to kiɗan ya kai inda ake so.

Da abin a shago ya tsaya, da babu labari. Amma akwai Safwan.

Safwan ɗan ƙaninsa ne marigayi, a hannunsa ya tashi, yanzu yana aiki a kantin magani. Shekara uku yana neman wata yarinya Widad a Manchester, har aka kai ga manya su je neman aure wurin waliyyinta, baffanta Dakta Nuruddeen. Kuma in an ce manyan Safwan, Alhaji Yusha'u ake nufi. Ranar Laraba yaron ya zo shago ya durƙusa.

"Baffa, please, abu ɗaya nake roƙo. Ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku, a yi addu'a, ku taso. That's it."

"Kai yaro, ni za ka koya wa neman aure? Aure goma sha ɗaya na nemo da bakin nan, tara suna nan daram."

"Na sani, Baffa. Amma Dakta ya tsani ƙari a magana. Ya taɓa korar wasu don kawun yaron ya ce gidansu na Kano hawa uku ne, ashe hawa biyu ne da tankin ruwa."

"Maƙaryatan banza. Ni ka taɓa jin na ƙara wa magana gishiri?"

Safwan ya kalli ƙasa. "Kuma don Allah kada ka taɓo zancen jita. Yana da ɗaki guda cike da su, tun yana jami'a yake tarawa, so he really knows..."

Ya toshe bakinsa da hannu, amma magana ta riga ta fita. Idanun Alhaji suka yi wal kamar an kunna fitila.

"Ka ce jita? Yaro, je ka ɗinka kayan ango. Ranar Asabar zan dawo maka da ranar aure a aljihuna, kila ma Daktan ya ƙara maka da ƙanwarta don murna."

Washegari gogan naka ya shiga shagon gwanjo ya fito da baƙar rigar fata mai ƙusoshi a kafaɗa, irin ta Doki. Ranar Asabar da safe Hajiya Habibatu ta shigo kicin ta tarar da mijinta sanye da babbar riga ruwan ƙwai, rigar fata a samanta ta ƙi rufe tumbi, hula zanna a ka, ya rungume muciyar tuwo ya gantsare baya yana karkaɗa yatsu, bakinsa a murguɗe, kuma duk a shiru.

"Alhaji, aljanu ne ko ciwon bayan ne ya tashi? In kira likita?"

"Atisaye nake yi, Hajiya. Ba fanninki ba ne."

"Muciyar dai fannina ce, ajiye min. Kuma wallahi in ka ɓata wa maraya aurensa, kada ka dawo ta ƙofar nan."

Abokin tafiyarsa Malam Abdulsalami ne, tsohon malamin makaranta mai ƙarancin magana, wanda Safwan ya roƙa a asirce ya je ya riƙa taka wa Baffa burki. Shi ya rungume kwandon goro da alewa da dabino. Tun daga Small Heath har suka hau babban titin M6, Alhaji yana tuƙi yana lacca a kan dalilin da ya sa Turke bai cancanci riƙe ko gurmi ba. Malam Abdulsalami ya ce "to" sau arba'in da wani abu, sannan ya koma jan carbi.

Gidan Dakta Nuruddeen a unguwar Whalley Range ta Manchester yake, irin manyan tsofaffin gidajen nan da aka yayyanka, shi yana da hawan ƙasa da ɗakin da ke ƙarƙashinsa. Dogo ne siriri mai furfura da tabarau, kaftani fari, maganarsa a hankali kamar yana duba marar lafiya. Ya dubi rigar fatar sau ɗaya, ya ɗauke kai don kunya. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka sake tambayar iyali. Malam Abdulsalami ya gyara murya ya tura kwandon gaba.

"Ranka ya daɗe, mun zo ne a madadin ɗanmu Safwan, muna neman iri a wannan gida mai..."

"Wancan ba Turke ba ne?" in ji Alhaji, yana nuna wani ɗan hoto a bango.

"Wa?"

"Clive Pendle mana! Dakta, ashe kai ma ɗan hannu ne? To yau ka haɗu da Farfesa."

Malam Abdulsalami ya taka masa ƙafa. Alhaji ya janye ƙafar ya ci gaba. Shi kuwa Dakta, Allah sarki, fuskarsa ta washe kamar yaro ya ga alewa.

"Alhaji, ka san Clive? Shekara talatin da biyar ina garin nan ina neman Bahaushe ɗaya da zan yi wannan hirar da shi. Ku taso, ku taso mu sauka ƙasa. Maganar yara ba za ta gudu ba."

Suka sauka, Malam Abdulsalami rungume da kwandon goro. Ɗakin ƙasan nan ya isa a kira shi ɗaki. Jita tara a jere a kan marikansu, faya-fayan garmaho cike da kanta har rufi, ga lasifika biyu kowace ta kai firij. Alhaji ya zagaya hannu a baya yana "hmm, ba laifi," kamar jami'in ƙaramar hukuma ya zo duba gini.

"To Farfesa," in ji Dakta yana murza hannu, "a cikin manyan nan, wa ka ba na ɗaya a ƙirƙira?"

"Doki. Rusty Calloway. Babu ma gardama." Ya zaro waya ya buɗe bidiyon da ya kalla ya fi sau ɗari. "Dubi nan. Ka ga tsalle? Ka ga yadda ya faɗi yana shure-shure, jita manne a ƙirji ya ƙi saki? Ka ga gashi ya miƙe tsaye? Wa ya taɓa kiɗa da dukkan jikinsa haka?"

Dakta ya gyara tabarau. "Alhaji, ai wannan ranar ce ruwan sama ya jiƙa waya, lantarki ya kama shi. Ba ka ji yana ihu a kashe wuta ba?"

"Na ji mana. Ai ihun yana cikin waƙar."

"Mako uku ya yi a asibiti."

"Ka gani! Wa ya taɓa yin haka kafin shi? Wa ya sake yi bayansa? Ita ce ƙirƙira!"

Dakta ya yi dariya, a zatonsa barkwanci ne irin na masana. "To, gwanintar hannu fa?"

"Ɗan Unguwa. Dez. Kalli yatsun nan, Dakta. Ko mai tsince shinkafa bai kai shi sauri ba."

Dakta ya leƙa wayar, dariyar ta ɗan rage. "Wannan shirin talabijin ne da aka tilasta masa ya yi kamar yana kaɗawa alhali faifai aka sa. Don haushi ya cire tsirkiyoyin jitar gaba ɗaya. Duba da kyau, itace kawai yake shafawa."

Alhaji ya duba. Tabbas babu tsirkiya ko ɗaya. Gumi ya fara tsattsafowa ƙarƙashin rigar fata.

"To ai nan gwanintar take! Da tsirkiya kowa ma ya iya."

Malam Abdulsalami ya yi tari mai ƙarfi. "Ranka ya daɗe, kamar yadda na fara cewa, ɗanmu Safwan..."

"Bari, Malam," in ji Dakta, idonsa a kan Alhaji. "Saura daɗin kiɗa. Ina ka ajiye Clive?"

Nan fa ya kamata mai hankali ya tuna hoton wa ya gani a bango. Amma Farfesa ya ga dama ta samu ta farfaɗo da martaba, ya buɗe baki da dukkan ƙarfinsa.

"Turke? Na ƙarshe, kuma don dai su uku ne. Ragon banza! Mutum ya tsaya ƙiƙam awa biyu, ba tsalle, ba gumi, ba ko yatsine fuska, ido a rufe kamar mai gyangyaɗi a wa'azi. Ni a ganina barci yake yi, jama'a suna jin nauyin tashinsa."

Dakta ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Shekarar da na zo ƙasar nan," in ji shi, "ban san kowa ba. Ɗaki ɗaya, babu abin ɗumi, ga rasuwar mahaifiyata ta same ni ta wasiƙa. Faifan Clive ne ya raka ni har sanyin ya wuce. Mutumin nan yakan ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta har sai ta faɗa maka abin da ka kasa faɗa. Shi ne ka ce yana barci?"

"A'a, ina nufin, barci ne irin na manya..."

"Zauna, Alhaji. Ajiye wayar. Zan sa maka faifai, babu hoto, ka faɗa min wane ne. Abu mai sauƙi ga Farfesa."

Gogan naka ya ajiye wayar. Shekara bakwai yana da hoto babu murya, yau ga murya babu hoto. Ya zauna a kujera daidai tsakanin lasifikan nan biyu, ya harɗe ƙafa, ya ce, "Bismillah, saki."

Dakta ya ɗora allura a kan faifai.

Abin da ya fito daga bangon nan, Alhaji bai taɓa sanin akwai shi a duniya ba. Wata irin tsawa ce mai nauyi ta daki ƙirjinsa ta fita ta baya. Hula ta yi nata wuri. Ya zabura ya nufi matakala da gudu yana ihu.

"Innalillahi! Tukunyar gas ta fashe! Malam, ka ceci goron!"

Ƙusar kafaɗarsa ta sarƙe a marikin wata jar jita, ta taho za ta sha ƙasa, Malam Abdulsalami ya yi wani tsalle da bai yi irinsa ba tun yana saurayi ya cafe ta a iska. Dakta ya ɗage allura.

"Na'urarka ta ƙone, Dakta," in ji Alhaji yana haki. "Ka kira mai gyara."

"Lafiyarta lau. Ɗan unguwarku ne, Dez. Shi ya fara sassauta tsirkiya don kiɗan ya yi nauyi irin na injinan masana'antar da ya tashi a cikinsu. Abin da ake kira ƙirƙira ke nan."

"Na gane shi mana! Gwada ka nake, in ga ko kai ka san shi."

"Madalla. Dawo ka zauna."

Ya dawo yana ɗingishi, ya ɗauki hula ya kifa a karkace. Dakta ya sa faifai na biyu. Wannan karon babu tsawa. Wata siririyar murya ce ta taso a hankali, ta yi sama, ta tsaya tana rawa kamar za ta tsinke, ta ƙi tsinkewa, sannan ta gangaro. Malam Abdulsalami ya bar jan carbi. Shi kansa Alhaji ya tuna ƙaninsa, uban Safwan, ranar da suka rabu a tashar mota. Wallahi kiɗan ya shige shi. Kuma tunda ya yi daɗi haka, a lissafinsa na wanda ya fi so ne.

"Doki ne," in ji shi yana share ido da hannun riga. "Ka ji maza. Turke ko zai shekara dubu a tsaye ba zai iya rabin wannan ba."

"Clive ne."

"Wane Clive?"

"Turken naka."

Dakta ya kashe na'ura. Ya ɗauko kwandon goro daga inda Malam ya ajiye, ya dire shi a gaban Alhaji. Babu sauran fara'a a fuskarsa.

"Alhaji Yusha'u, 'yar ɗan'uwana zan bayar, amana ce a hannuna. Ba na ba da ita gidan da babbansu yake ƙarya tun zaman farko. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa jin kiɗan mutanen nan?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce za ta fitar da shi. Malam Abdulsalami yana ta yi masa alama da ido, da gira, da haɓa. Amma girman kai ya riga ya hau kujerar gaba.

"Ni? Dakta, ni fa a barci ma ina jin su."

"Shi ke nan. Faifai ɗaya ya rage. In ka gane shi, yau za a sa rana. In ka kuskure, ga goronku, ku gaida Birmingham."

Alhaji ya tuna Safwan durƙushe a shago, ya tuna Hajiya Habibatu da ƙofarta. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya ji kamar ya yi wa kansa tafi. Gwanaye uku ne. An sa Dez, an sa Clive. Wa ya rage in ba Doki ba? Ko kurma ya ci wannan jarrabawa. Abin da ya rage kawai ya nuna wa Dakta cewa kiɗan yana ratsa shi har ƙashi. Ya rufe ido gam, irin rufewar masana, ya jingina, ya jira.

Dakta ya juya baya ya tsuguna gaban kanta yana laluben faifai.

Sai ga ƙara ta taso. Ta fara da gurnani daga ƙasa, ta hau, ta hau, ta zama wani ihu mai kaifi da ke sa haƙora kaɗawa.

"Doki!" Alhaji ya daka tsalle, ido a rufe. "Rusty Calloway! Na rantse da girman gemuna shi ne! Ji yadda ya taso daga ƙasa ya haye sama babu tsani!"

"Alhaji..." in ji Malam Abdulsalami.

"Yi shiru, Malam, ba fanninka ba ne!"

Ƙarar ta tsaya cak. Ta sake tashi. Ta tsaya. Ta sake tashi sau uku a jere, gajeru-gajeru.

"Allahu akbar! Ka ji yankan nan? Ka ji yadda yake tsayawa ya bar zuciyarka a rataye, sannan ya dawo ya ɗauke ta? Ga ƙirƙira, ga gwanintar hannu, ga daɗi, duk a tukunya ɗaya! Dez yaro ne! Clive ya je ya kwanta!"

Ya rungume iska a matsayin jita, ya gantsare baya har tumbi ya kalli rufi, ya zube a kan gwiwoyinsa, yatsu suna ta karkarwa, babbar riga ta baje a ƙasa, rigar fata ta ce ɓarrr ta yage daga wuya har ƙugu. Bai fasa ba. Ya murguɗe baki, ya kaɗa kai, ya yi birgima ɗaya da rabi irin ta ranar asibiti. Da ƙarar ta mutu gaba ɗaya, ya kwanta rigingine yana numfashi, hawaye na gaske suna bin gemu.

"Wannan," in ji shi, "shi ne kiɗa mafi girma da ɗan Adam ya taɓa yi."

Ya buɗe ido.

Dakta Nuruddeen yana tsaye a kansa, faifan yana hannunsa, ko daga cikin kwalinsa bai fito ba. Na'ura a kashe take. Malam Abdulsalami ya rufe fuska da hula.

Aka ji taku a matakala. Hajiya Fauziyya ce, matar Dakta, ta sauko da ƙoƙon injin markaɗe a hannu, jajayen kayan miya suna ta kumfa a ciki. Kicin ɗinta daidai saman kansu yake.

"Sannunku da zuwa. Na ce ko baƙin suna cin yaji? Au, Dakta, lafiya? Bawan Allahn nan farfaɗiya gare shi?"

Alhaji ya kalli ƙoƙon, ya kalli rufi, ya kalli faifan da ke cikin kwali. Dakta ya sunkuya ya ɗauki kwandon goro ya miƙa wa Malam Abdulsalami.

Nan ne tumbin Farfesa ya sace. Ya rarrafo ya riƙe gefen kaftanin Dakta.

"Dakta, don girman Allah kada laifina ya shafi yaron. Maraya ne, bai taɓa yi min ƙarya ba, ni ne dai Allah ya jarrabe shi da ni. Ban taɓa jin su ba. Shekara bakwai ina kallonsu da murya a kashe."

"A kashe? Me ya sa?"

"Masallaci yana jikin shagona. Hajiya kuma tana gida."

"Shekara bakwai? Babu ko ƙyas?"

"Ko ƙyas."

Dakta ya dube shi. Kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ina! Dariya ta ƙwace masa, ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, tabarau ya faɗi, yana nuna rufi yana nuna Alhaji, ya kasa magana. Da ƙyar ya iya yi wa matarsa bayani, ita ma ta jingina da bango don kada miyar ta zube.

"Na ga maƙaryata iri-iri," in ji Dakta yana share hawaye, "amma ban taɓa ganin wanda ya sha wahalar ƙaryarsa kamar kai ba. Kuma ka faɗi gaskiya a inda ta fi ciwo. Malam, ajiye goron. Yaron da ya tashi a hannun mutumin nan bai zauce ba, zai iya haƙuri da kowace mace. Na ba Safwan Widad. Bayan Babbar Salla da mako biyu."

Aka shafa fatiha. Malam Abdulsalami ya yi ajiyar zuciyar da ya riƙe tun daga M6. Alhaji ya miƙe, ya kaɗe riga, ya gyara hula, ya tattara ɓarin rigar fata a kafaɗa. Kuma ka san hali. Kafin a kai matakala ta uku tumbin ya fara dawowa.

"Ka ga abin da na gaya wa Safwan, Malam? Na ce zan dawo da rana a aljihu. Kuma Dakta, maganar gaskiya, ko inji ne, ba kowane kunne ne zai gane yana da baiwa ba. Sai ƙwararre."

Hajiya Fauziyya ta tsaya a saman matakala ta juyo, ƙoƙon yana hannunta.

"Gaskiyarka, Alhaji. Shekara ashirin ina markaɗe a gidan nan, babu wanda ya taɓa yi min birgima sai kai. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci, wancan tumatir ne kawai. Koma ka kwanta, yanzu zan sa albasa."